Ba tsangwama kaɗai ba ce

Wani labari da na karanta ya ce tsangwama da kaɗaici ne ke jefa masu cututtukan ƙwayoyin halitta cikin taɓin hankali. Gaskiya ne, amma an bar babban abu a baya: wani lokacin ita kanta cutar ce ke taɓa ƙwaƙwalwa. Ku dubi ciwon DiGeorge, wanda ke samuwa idan wani ɗan yanki ya ɓace daga kuromosom na 22, ɗaya daga cikin ƙunshin ƙwayoyin halittar da ke jikin mutum. Ana haifar yaro da matsalar zuciya ko tsagar ganɗa, a yi ta fama da wannan, sai ya balaga ya fara jin muryoyi da zargin mutane. Kusan mutum 1 cikin 4 na masu shi na kamuwa da wannan nau'in taɓin hankali da ake kira sikizofireniya, alhali a sauran jama'a kusan 1 cikin 100 ne. Har ƙarancin sinadarin kalsiyam da ke tare da ciwon kan jawo farfaɗiya, mu kuwa nan take mu ce iska ce, a nufi wajen mai ruƙiya. Shi kuma mai ɗora laifin a kan auren zumunci, ya yi haƙuri, yawancin masu DiGeorge ba daga iyaye suka gada ba, don haka a daina sa uwaye kuka. An sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya a 2023, to likitan zuciyar da ya duba yaron yana ƙarami, wa zai sa shi ya gargaɗi iyayen su sa ido kafin ya kai shekara 20?