Kowa ya sayi rariya: magana ga ƙannena da ke zaune a Ingila

Assalamu alaikum ƙannena da 'ya'yana, ɗalibai da ma'aikata da ku da kuka fara tara iyali a ƙasar nan.

Ranar Asabar da ta wuce ɗan wani aminina ya kira ni, ya ce, "Baba, don Allah ka kai ni wani waje da mota, zan mayar da wata 'yar dabba." Muka je gidan wata dattijuwa Baturiya da ke karɓar ƙananan dabbobin da masu su suka gaji da su. Da ta buɗe kwalin, sai na ga abin da ya ɓata mini rai har yanzu. Cincila ce. Ba zomon nan da masu kiwo a gida suke kira da wannan suna ba, wata 'yar dabba ce daban, kamar tsakanin zomo da kurege, toka-toka, mai manyan kunnuwa, nauyinta wajen rabin kilo in tana da lafiya. Wannan kuwa ta rame, haɓarta jiƙe sharkaf da miyau, ta cinye gashin gefen jikinta da bakinta. Matar ta tambaye shi yaushe ta daina cin busasshiyar ciyawa. Ya ce shi bai taɓa ba ta ciyawa ba, biskit da zabibi yake ba ta. Ta ce me ya sa ya saya? Ya ce a TikTok ya gani, ta ba shi sha'awa. Me ya sa yake son rabuwa da ita? Wai tana hana shi barci, kuma zai canja gida.

Ajiye dabba a gida ba laifi ba ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga ƙaramin yaro Abu Umair da ɗan tsuntsunsa, bai hana shi ba. Abin da ke ƙona mini zuciya shi ne mutum ya ɗauki rai ya kai ɗakinsa bai tambayi komai a kansa ba, ranar da ya gundure shi kuma ya tura a kwali ya ce wani ya ji da shi. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Ku kuwa ko tambayar ba ku yi, alhali wayar da kuka kalli bidiyon da ita tana hannunku dare da rana. Matambayi ba ya ɓata, amma ku girman kai da gaggawa sun hana ku.

Da ka tambaya, da an gaya maka cewa asalin dabbar nan tsaunukan Andes ne, a ƙasar Chile, inda ake da sanyi da busasshiyar iska. Gashinta ya yi cunkoson da a rami ɗaya na fatarta sai ka sami sili hamsin ko fiye, kuma ba ta yin gumi. Zafi in ya haura digiri 25 ta fara shiga hatsari. A watan Yulin 2022 zafi ya kai digiri 40 a ƙasar nan, yawancinmu mun tuna yadda ɗakunanmu suka zama. Kai da ke ɗakin sama, taga ɗaya, ba na'urar sanyaya ɗaki, ina za ka sa ta? Da an gaya maka ba a yi mata wanka da ruwa, a ƙura ta musamman take birgima ta tsabtace jikinta, in ta jiƙe gashin ba ya bushewa da wuri, sai cutar fata ta kama ta. Da an gaya maka haƙoranta ba sa daina tsiro har ta mutu, taunar ciyawa da gaigayar itace ne ke rage musu tsawo. Ka hana ta ciyawa, haƙoran su yi ƙaho su soki harshe da kumatu, ta kasa ci, miyau ya yi ta zuba. Abin da na gani a kwalin nan ke nan. Da an gaya maka da yamma da dare take harkarta, ta yi tsalle ta yi gudu, da rana ta yi barci. To laifin wa ne don ta hana ka barci? Haka Allah ya halicce ta.

Babbar magana kuma, tana iya yin shekara 15, wasu har 20. Kai da bizar karatunka ba ta wuce shekara ɗaya ko uku ba, ka ɗauko abin da zai iya kaiwa har 'ya'yanka su shiga sakandare. Ranar komawa gida fa? Kano za ka kai ta, a watan Afrilu, zafi ya haura 40, wuta tana zuwa tana ɗaukewa? Ba ka yi wannan lissafin ba, domin ba dabbar kake so ba, hoton kake so. Ganin kitse ka yi wa rogo. Wannan cutar ta son a gani ita ce dai ke sa wasunku cin bashin mota da agogo alhali ba a tura wa iyaye ko kuɗin magani ba, ita ce ke sa a yi odar abinci a ɗauki hoto a zubar da rabi a shara. Kwaɗayi mabuɗin wahala, sai dai a nan wahalar ba a kanka ta faɗa ba, a kan wadda ba ta da bakin kai ƙara ta faɗa.

Dabbar nan ta daɗe tana shan wuya a hannun ɗan Adam. A ƙarni na 19 da farkon na 20 an yi ta farautarta saboda fatarta har ta kusa ƙarewa a daji. A 1923 wani injiniyan haƙar ma'adinai Ba'amurke, Mathias Chapman, ya kai guda 11 Kaliforniya, kuma galibin waɗanda ke keji a yau jikokinsu ne. Na daji har yanzu suna cikin jerin dabbobin da ake fargabar ɓacewarsu, shi ya sa Chile ta keɓe musu gandu kusa da garin Illapel a 1983. Can ana fama a ceto 'yan tsirarun da suka rage, mu nan muna saye muna yarwa.

Ku san irin aikin da kuke jibga wa masu karɓarsu. Sai an ware sabuwar zuwa daga sauran, a riƙa auna nauyinta, wadda ba ta iya ci a dama mata abinci a ɗura mata da sirinji, dare da rana. Sai an kai ta wurin likitan dabbobi ya sa ta barci ya goge haƙoran, kuma ba kowane likita ya san kanta ba. In saiwar haƙoran ta riga ta kutsa cikin muƙamuƙi, ba warkewa, sai lallaɓawa. Wadda aka saba cafka da ƙarfi, da ka kai hannu sai ta saki gashinta a tafinka don tsoro, a yi watanni kafin ta yarda da mutum. Dabba ce mai zaman garke, kaɗaici yana cin ta, amma haɗa ta da wata ma sai a hankali, keji kusa da keji, in ba haka ba su yi wa juna rauni. Wani kuma ya haɗa mace da namiji bai sani ba, bayan kwana 111 ga 'ya'ya, ya kwaso duka ya kawo. Yawancin masu wannan aiki daga aljihunsu da sadakar jama'a suke yi. Kai ka sha daɗin mako biyu, su su ɗauki nauyin shekara goma.

Mayar da ita ga masu ceto ba shi ne abin kunya ba. Abin kunya shi ne jinkirin. Ka ga ta daina ci, ka ga tana ramewa, ka kau da kai don kada a ce ka gaza, sai ta kusa mutuwa ka ɗauko. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Mafi muni su ne masu ajiye kwali a gefen kwandon shara, da masu saki a filin shaƙatawa su ce sun 'yanta ta. Dabbar da aka haifa a keji, ruwan sama ya jiƙa ta, dila na yawo da dare, wane 'yanci ke nan? Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin abincinta da mazauninta da lafiyarta, kuma tun 2021 hukuncin azabtar da dabba yana iya kaiwa ɗaurin shekara biyar. Amma ni kunya nake ji a ce sai da dokar Bature za a tsoratar da ɗan Musulmi. Tun muna makarantar allo muka ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nema da kanta ba. Wannan bai isa ba?

Ku ji tsoron Allah, ku yi tunani kafin ku miƙa hannu. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Mu da muka taso a gida, yaro ba ya karya kumallo sai ya zuba wa tumaki dusa da harawa, ya canja musu ruwa. In kana kiwon tattabaru aka wayi gari kaskon ruwansu a bushe, maƙwabci ma ya isa ya ja maka kunne, mahaifinka ya yi masa godiya. Kaka ba ta kwanciya sai ta ƙirga kajinta a akurki. Akuyar da aka ba ka, da ita ake gane ko za ka iya riƙe gida gobe, har masu ba da aure suna lura da irin wannan. Ba wanda ya karanta dokar haƙƙin dabbobi, amma kowa ya san abin da ka ɗaure amana ne a wuyanka. Yanzu fa? Ka yi wa yaro magana ya ce kuɗinsa ne, rayuwarsa ce. Ba gaisuwa, ba jin nauyin babba, kunnuwa a toshe da waya. Iyaye kuma su saya wa yaro dabba don ya yi shiru, kamar yadda suke miƙa masa waya don ya yi shiru, ba mai koya masa cewa abin nan yana jin yunwa yana jin ciwo. Yaron da ya ga an jefa dabbarsa a kwali don an gaji da ita, me kuka koya masa game da abota, game da aure, game da ku kanku ranar da kuka tsufa?

Na ji an ce wani a cikinku yana shirin saya wa 'yarsa mai shekara biyar guda ɗaya, wai kyautar zagayowar ranar haihuwa. Ƙanena, yarinya mai shekara biyar ba za ta iya da dabbar da ba ta son a rungume ta ba, kai da uwarta ne za ku yi aikin. In kun tabbata za ku iya, kada ku je kanti, ku je wurin masu ceto, kejinsu cike yake da waɗanda irinku suka kawo. Za su tambaye ku girman keji, da yanayin ɗaki, da shekarun da za ku yi a ƙasar nan, kuma suna iya hana ku. In sun hana ku, kada ka zo mini da maganar wariyar launin fata.