Yashin da ya cinye garkar kawuna ba daga garinmu ya taso ba

Bayan daminar bara na kai wa kawuna ziyara a wani ƙauye da ke kwarin Korama, wajejen Matamaye. Ya ja ni zuwa garkarsa ta rake, ya caka sandarsa a ƙasa, ta nutse kusan kamu biyu cikin farin yashi kafin ta taɓa laka. Rijiyar da muke jan ruwa da guga muna yara ta cike har baki. Ya ce: "Ɗana, wannan rairayin ba namu ba ne. Daga tudu ya zo, daga gonakin mutanen da ko gaisuwa ba ma yi."

Gaskiyarsa ne, kuma a nan matsalar take. Ruwan sama da ya sauka a kan tudu ba ya tambayar inda iyakar wata komin, wato ƙaramar hukuma, ta tsaya. In ya tarar da ƙasa tsirara sai ya yi gudu, ya haƙa kwazazzabo, ya kwaso yashi ya zube a fadama. Korama ta ratsa ƙasashen Kance, Magarya da Mirya, tana cikin yankin da ruwansa ke gangarawa wajen tafkin Cadi, amma kowace ƙaramar hukuma tsarinta daban take yi, kamar kogin ya ƙare a bakin iyakarta.

Mu mutanen birni bai kamata mu ɗauka zancen 'yan ƙauye ne ba. Damagaram a kan dutse take zaune, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da suka sa Turawa suka ɗauke babban birni daga nan zuwa Yamai a 1926. Har yau abin da ke fitowa daga famfonmu daga waje ake jawo shi: Gogo da Macaya ta kudu, Arunguza da Ganaram ta arewa. Duk wanda ya taɓa tashi da asuba yana jiran 'yan garuwa a watan bazara ya san darajar bido guda. Sai ga shi a 2024 ruwa ya yi yawan da har tsohon masallacin unguwar Birni ya rushe a watan Satumba. Fari da ambaliya a gari ɗaya, kuma tushensu kusan guda: ruwa na wucewa da gudu maimakon ya tsaya ya shiga ƙasa.

Doka ba ta yi ƙaranci ba. Akwai dokar karkara ta 1993 da kwamitocinta na filaye, akwai dokar ruwa ta 2010, har ma da yarjejeniyar da Nijar da Najeriya suka sa wa hannu a Maiduguri a 1990 kan rabon ruwan da suka yi tarayya a kansa. A takarda komai ya ji gishiri.

Abin da na gani da idona daban ne. Wani shiri ya zo garinmu, aka kafa kwamitin kula da kwari, aka raba kujeru da littafin rajista, aka ɗauki hoto. Duk 'yan kwamitin masu garka ne. Ba a gayyaci manomin tudu ba, shi da yashin ke tasowa daga gonarsa. Ba a gayyaci Bafulatanin da burtalinsa ke bi ta bakin tafki ba. Matan da ke ɗibar ruwa kullum kuwa, girki aka ba su. Ranar da kuɗin zama ya ƙare, ranar kwamitin ya mutu. Littafin yana nan a ɗakin mai gari, gara ta ci rabinsa.

Ra'ayina shi ne a riƙa kafa irin wannan zama bisa hanyar ruwa, daga inda ya taso zuwa inda ya kwanta, ko da zai haɗa garuruwan da ba sa ƙarƙashin sarki ɗaya ko magajin gari ɗaya. Sannan a yi maganar da kowa ke gudu: wa zai biya? Mutumin tudu ne zai jera duwatsu, ya haƙa ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata, ya bar itatuwa a gonarsa, alhali mai garka da mai famfo a birni ne za su fi cin moriya. Ba wanda zai yi wa wani gayya shekara da shekaru a kyauta. Ko a ba shi dama a fadama lokacin rani, ko a ware wani abu daga kuɗin ruwan birni domin gyaran tudun da ke ciyar da rijiyoyin.

Za a ce mutanenmu ba sa haɗa kai. Wanda ya faɗi haka ya bi hanyar Magarya ya dubi gawo. Manoma ne suka bar tsiron a gonakinsu tun daga shekarun 1980, da suka tabbata cewa itacen da suka yi renonsa nasu ne, har wuraren da suka yi fayau suka sake yin duhu. Sun ga amfani a taki da abincin dabba, shi ya sa abin ya ɗore.

Kawuna ya riga ya sayi injin ban ruwa, ya nutsa bututu can ƙasa da yashin. Maƙwabtansa uku ma sun yi haka, kuma ba wanda ya tambayi wani ko ruwan zai ishe su har Afrilu.