Ƙaura saboda yaro mai galahanga ba yanke zumunci ba ne

Mako uku ke nan da ƙanena ya kwashe iyalinsa daga Daura ya koma Kano, kuma har yau maganar ba ta kwanta a gidanmu ba. Wasu na cewa matarsa ce ta janye shi daga dangi, wasu na cewa ya raina garin da aka yanke masa cibiya. Ni da na taya su ɗaure kaya na san dalilin, wato ɗansa mai shekara biyar wanda likita ya tabbatar yana da galahanga, larurar da ake kira otizim, kuma ina goyon bayan abin da ya yi.

Yaron nan yakan wuni yana jera marafan kwalba daga bakin zaure har gindin randa, kuma idan wani ya goce ɗaya da ƙafa sai ya toshe kunnuwansa ya yi ta ihu har ya gaji. Ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, shi ya sa da farko muka zaci kurma ne, alhali ƙarar injin markaɗen maƙwabta tana firgita shi tun daga cikin ɗaki. Shekara biyu aka yi ana rubutu da hayaƙi da ruƙiyya. Ban raina addu'a ba, har gobe muna yi masa, amma shekarun nan da muka ƙi haɗa ta da asibiti su ne shekarun da ya fi buƙatar horo. Da aka sa shi makaranta kuwa, mako guda aka dawo da shi, wai ba ya zama wuri ɗaya.

Galahanga bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma. Ba aikin aljanu ba ne, ba sakacin uwa ba ne, kuma bincike ya wanke allurar rigakafi daga zargin da ake yi mata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da ita. Babu ƙwayar da ke warkar da ita. Abin da ke taimakawa shi ne horo a kai a kai tun da ƙuruciya: mai koyar da magana, da mai koya wa yaro cin abinci da sa riga da shiga bayi da kansa, da malamin da ya san yadda ake zama da irinsu. A nan ne masu cewa ƙanena ya riƙa kai yaron Kano yana dawowa suka kuskure. Daga Daura zuwa Kano tafiya ce ta fiye da awa biyu, kuma ƙanena ya gwada ta wata huɗu da yaron da ba ya jure cunkoso da ƙarar tasha. Kafin su isa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yaron ya riga ya galabaita, babu abin da zai iya koya a ranar.

Duk da haka ƙaurar ba kyauta ba ce, kuma wannan shi ne abin da ya fi hana ni barci. A Daura Hajiyarmu ta san kukansa na yunwa da na tsoro, kuma idan ya sulale ya fita mai shagon bakin layi ne ke riƙo hannunsa ya dawo da shi, domin unguwa duka ta san shi. A Kano babu wanda ya san shi, ga kuɗin haya, ga uwa ita kaɗai daga safe har dare. Shi kansa sauyin wuri yana da nauyi ga yaron da ya saba komai nasa ya kasance inda ya bar shi. Saboda haka duk mai irin wannan niyya ya fara zuwa shi kaɗai ya ga makarantar da idonsa, ya ƙirga yara nawa malami ɗaya ke riƙe da su, ya tambaya ko ana barin uwa ta shiga ta koya, domin yawancin aikin a gida za a yi shi. Wanda ya yi alkawarin warkewa cikin wata uku, a guje shi. Kada kuma a sayar da gida ko gona kafin a ga kamun ludayin wurin.

A watan Janairun 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan namu na Daura, ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare, ta kuma ce makarantun gwamnati su karɓe su tare da tanadar malamin da aka horar dominsu. Ina roƙon gwamnatin Jihar Katsina ta fara da aji guda da mai koyar da magana guda a kowace masarauta. A layinmu akwai wata baiwar Allah mai sayar da ƙosai da ke da yarinya irin ɗanmu, shekararta bakwai, kuma ko kuɗin motar Kano sau ɗaya ba ta da shi.