Bindiga Ɗaya Tak: Tambayar da Ƙanena Ya Yi Min Daga Kano

Daren da aka tare ƙanena a lungun bayan gidanmu aka ƙwace masa waya, da wayar matarsa ya kira ni. A nan jihar Teksas ta Amurka la'asar ce, ina wurin aiki. Yara uku ne, in ji shi, babu wanda ya kai shekara ashirin a cikinsu, ɗaya ya ɗora masa wuƙa a wuya, biyu suka laluba aljihu. Muryarsa tana rawa, kuma na san ba wayar ce ke ci masa rai ba. Da ya gama ba ni labari sai ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, ku da kuke ƙasar bindiga, in mutum zai mallaki guda ɗaya tak wadda za ta yi masa komai, wacce zai saya?"

Ban yi masa faɗa ba. Wanda aka sa wa wuƙa a wuya a unguwar da aka binne cibiyarsa yana da haƙƙin a saurare shi.

Tambayar kuma ba baƙuwa ba ce a kunnena. A wurin aikinmu, lokacin cin abincin rana, ana musu a kanta kamar yadda ake musun ƙwallo a teburin mai shayi. Akwai mutane a ƙasar nan da suka ɗauki shirin ranar da komai zai tsaya tamkar sana'a ta biyu. Suna tara abincin gwangwani da ruwa da batir, kuma hirar da ta fi yi musu daɗi ita ce wannan: in aka ce ka ɗauki doguwar bindiga ɗaya ka fita, wacce ce?

Na daɗe ina sauraronsu har na gane inda kowa ya sa gaba. Wasu suna kan ƙaramar nan mai harsashin .22 (lambar kaurin harsashi ke nan), irin Ruger 10/22 da ake ƙerawa tun 1964. Hujjarsu ita ce arha da sauƙi: kwalin harsashi 500 bai kai kilo biyu ba, ba ta dukan kafaɗa, kuma zomo da kurege su mai neman abinci a daji ya fi cin karo da su. Masu sukarta suna cewa ba ta da ƙarfin kayar da babbar dabba, har ma dokar Teksas ta hana farautar barewa da irin wannan harsashi. Wasu kuma AR-15 suke rantsuwa da ita, mai harsashin 5.56, don ba ta da nauyi kuma kayan gyaranta ko'ina akwai. Tsofaffin mafarauta suna taɓe baki, su ce a ba su mai harsashin .308 wadda ake ɗanawa da hannu bayan kowane harbi, mai kayar da barewa daga nesa, ko da harsashinta ya fi tsada da nauyi. Akwai ma wani tsohon hafsan sojansu, Jeff Cooper, da ya zauna a shekarun 1980 ya zayyana siffar bindigar da za ta yi komai: kada tsawonta ya wuce mita ɗaya, nauyinta wajen kilo uku. Har yau kamfanoni suna ƙera bindigogi a kan wannan tsari nasa, har yau kuma musun bai ƙare ba, saboda abin da ya dace da zomo bai dace da barewa ba.

Wani abokin aikina, Bature mai shekaru kusan sittin, ya taɓa kai ni filin koyon harbi. Mutum ne mai natsuwa. Kafin ya bari in taɓa komai sai da ya yi rabin awa yana koya min inda ake fuskantar da bakin bindiga da inda yatsa yake zama. Bindigoginsa a akwatin ƙarfe suke, a kulle. Gidansa tafiyar awa guda ce daga gari, ko ihu ya yi maƙwabci ba zai ji ba, aladun daji suna tone masa gona, kuma barewar da ya harba a watan Nuwamba ita iyalinsa ke ci har bazara. A wurin irin wannan mutum tambayar tana da ma'ana, kuma da a dajinsa zan zauna, ƙaramar nan ta .22 zan ɗauka, don ciki kullum yake nema, babbar dabba kuwa sai an dace.

Amma a ƙarƙashin tambayar akwai wani hoto da yawancin masu yin ta ba sa faɗa. Hoton mutum ne shi kaɗai da iyalinsa, ya kulle ƙofa, yana jiran ranar da yunwa za ta mai da maƙwabcinsa ɗan fashi.

A Fabrairun 2021 na ga an gwada wannan hoto. Sanyi ya sauko wa Teksas irin wanda ba a saba ba, wutar lantarki ta ɗauke wa gidaje sama da miliyan huɗu, bututun ruwa suka daskare suka fashe. Hukumomin jihar sun ƙirga mutum 246 da suka rasu. Mafi yawansu sanyi ne ya kashe su, wasu kuma hayaƙi, don sun kunna gawayi ko janareta a cikin ɗaki, ko sun tayar da mota a gareji suna neman ɗumi. A benen da nake haya kwana uku muka yi a duhu. Abin da ya riƙe mu bargo ne, da ƙaramin risho mai gas, da ruwan da matata ta tara a bahon wanka tun daren farko, ɗabi'ar da ta taho da ita daga Kano. Wata tsohuwa 'yar Meziko da ke ƙasanmu ta ƙwanƙwasa mana ƙofa da tukunyar wake, mu kuma muka ba ta ruwan zafi a filas. Abokin nan nawa mai bindigogi ya shigo gari da motarsa ta ɗaukar kaya, ya kawo wa mutum huɗu daga wurin aikinmu itace da jarkokin ruwa. Da na tambaye shi daga baya, ya ce duk makon ko makullin akwatin ƙarfen bai nema ba.

To balle Kano, inda mun ga ranakun da komai ya tsaya ba sau ɗaya ba.

Ina gida ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, lokacin da bama-bamai suka tashi a ofisoshin 'yan sanda da na shige da fice da na jami'an tsaron farin kaya, aka kashe mutum aƙalla 185. An sa dokar hana fita. Ka tambayi duk wanda ya kwana a birni a daren nan, me bindiga za ta yi masa? Duk farar hular da aka gani da ita a wannan dare, babu jami'in da zai tsaya tambayarsa takarda. Abin da ya ciyar da gidanmu buhunan gero da masara ne da Baba, Allah Ya jiƙansa, yake saya a Dawanau duk kaka, muna ganin kamar tsohon yayi ne. Ruwa kuma rijiyar tsakar gida, wadda a kwanakin nan gida bakwai suka sha daga cikinta, don 'yan garuwa ba su fito ba. Mai shagon bakin layi ya buɗe ƙofar baya yana ba da sukari da omo bashi, yana rubutawa a bayan kwali. Haka aka sake yi a kullen korona na 2020. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, mutum yana da dubu ɗari a banki ya kasa sayen kayan miyan ɗari biyar, sai wanda mai kayan miya ya san fuskarsa. A Agustan 2024 aka sake rufe gari bayan zanga-zanga. A duk waɗannan, wanda ya sha wuya shi ne wanda ba shi da tsaba a ɗaki, ko maganin hawan jininsa ya ƙare, ko ba ya ga maciji da mutanen layinsu.

Sai kuma maganar doka, wadda na faɗa wa ƙanena ba tare da kwana-kwana ba. A Amurka riƙe makami yana cikin tsarin mulki tun 1791. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ce ke aiki, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Bindigogin soja, irin masu harsashin 7.62 da .303, da ƙananan bindigogin hannu, haramtattu ne sai da izinin shugaban ƙasa. Na farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda. Ko bindigar toka, harba-ka-ruga, tana buƙatar izini. Wanda ya bi ta bayan fage ya saya, kuɗinsa ya shiga aljihun masu safarar da ke kai wa 'yan bindigar daji makamai, kuma ranar da aka kama shi da ita ba za a kira shi magidanci mai tsaron gida ba.

Amma ko da doka ta buɗe ƙofa gobe, ba zan ba shi shawara ya saya ba, kuma dalilina gidanmu ne. Mutum sama da ashirin ke kwana a cikinsa. Babu ɗakin da yara ba sa shiga, babu durowar da ba su san cikinta ba, makulli a ƙusa ake rataye shi. A ina za a ajiye ta? A gida irin namu ana faɗan gado, ana faɗan kishi, akwai matashin da ake fama da shi kan shaye-shaye, akwai ranar da mutum mai hankali yake fita hayyacinsa na minti biyar. Yanzu irin wannan faɗa yana ƙarewa da zagi, a kira kawu ya sasanta. A nan Amurka, inda aka ƙiyasta bindigogin da ke hannun farar hula sun kai miliyan 393, sun fi mutanen ƙasar yawa, mutum 48,830 bindiga ta kashe a 2021, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Wannan adadin ba ya shigowa hirar cin abincin rana, amma shi ya fi tsaya min a rai.

Ka kuma dubi yadda birni yake. Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakin Hajiya da ɗakin maƙwabta. Lungunmu in kurar 'yan garuwa ta shigo sai mai tafiya ya manne da bango. A jikin kwalin ƙaramin harsashin nan na .22 an rubuta gargaɗi cewa yana iya tafiyar fiye da kilomita biyu. Ka harba a duhu, hannunka na rawa, ka kuskure ɓarawon waya, wa zai samu? Almajirin da ke kwance a zaure, ko mai ƙosai da ta fito haɗa wuta. Sannan ranar da labari ya zaga cewa gidan wane akwai bindiga, kuma a Kano sai ya zaga, yaran da suka zo neman waya za su dawo neman abin da ya fi waya tsada.

Ba na faɗin wannan don in raina tsoron kowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Yunin 2022 gwamnatin Zamfara ta Bello Matawalle ta fito fili ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga su kare kansu, kuma ba zan zauna a ɗaki mai na'urar sanyaya iska in yanke wa manomin da ya kwana a jeji da 'ya'yansa hukunci ba. Halinsa daban ne, kuma alhakinsa yana wuyan waɗanda aka damƙa wa tsaronsa. Abin da nake cewa shi ne cikin badala ba ƙauyen bakin daji ba ne, ba kuma gonar abokina ta Teksas ba. Ko a da can, bindiga a ƙasarmu ba kayan ɗaka ba ce. Tana hannun mafarauta, waɗanda ke da sarkin baka da manyan da ke tsawata musu, ko hannun 'yan bindigar sarki da ke cika ta da albarushi ranar hawan Sallah, kowa yana kallo. An san mai riƙe da ita, an san wanda zai tuhume shi.

Abin da na roƙi ƙanena shi ne mu ɗauki rabin tambayar mutanen nan na Amurka, wato rabin da ke da amfani. Sun fi mu tanadi, wannan gaskiya ce. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasarsu tana ba da shawarar kowane gida ya ajiye galan ɗaya na ruwa, kusan lita huɗu, ga kowane mutum a kowace rana, na kwanaki da dama, da abinci da magani da fitila. Mu kuwa mun bar ɗabi'ar Baba, mun koma awon kullum, wasu don babu, wasu don sakaci. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da ya yi niyyar tarawa na makami, na ƙara masa a kai, aka sayi tankin ruwa, da buhun gero da na shinkafa, da maganin Hajiya na wata uku, da ƙaramar sola mai cajin waya. Aka ware 'yan dubbai a takarda aka ba Hajiya ta ɓoye. Aka kafa fitila mai sola a daidai kwanar da aka tare shi, muka kuma shiga karo-karon 'yan sintirin unguwa, wanda a da sai an zo ƙofar gida sau uku muke bayarwa.

Bai gamsu duka ba. Ya ce min, "Yaya, duk na ji. Amma ba kai aka sa wa wuƙa ba." Na ce masa haka ne.

Yanzu in ya rufe shago bayan isha'i, su uku suke tahowa tare da wasu maƙwabta biyu masu shago a layi ɗaya. Makon jiya ya turo min saƙo cewa mai unguwa ya tara magidanta a ƙofar masallaci kan a sa ƙofar ƙarfe a bakin lungun, a riƙa rufewa ƙarfe goma sha ɗaya na dare, an kuma yanka wa kowane gida abin da zai kawo. Ya ce an rubuta sunana a cikin masu bayarwa, kuma mai walda yana jiran kafin alƙalami ranar Asabar.