Kafin ka biya kuɗin sakandaren kuɗi, ka nemi a nuna maka littafin Lissafi

Duk ƙarshen watan Agusta magana ɗaya ce ke yawo a majalisu daga Pantami zuwa Jekadafari a cikin garin Gombe: yaro ya gama firamare ko ƙaramar sakandare, ina za a kai shi? Uba yana lissafin aljihu, uwa tana duban 'ya'yan maƙwabta da motar makaranta ke zuwa ɗauka da safe. Ra'ayina a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Makarantar kuɗi tana biyan kuɗinta idan akwai malami a aji kowace rana, yana koyarwa yana duba aikin yaro, kuma kai uba za ka iya biya har yaron ya fita ba tare da an taɓa koro shi ba. Idan ɗaya daga cikin biyun nan ya faɗi, gara ka kai shi ta gwamnati ka kashe kuɗin a inda zai yi aiki.

Mu fara da lissafi, don a nan yawancinmu muke yaudarar kanmu. Sakandare shekara 6 ce, kowace shekara zango 3, wato sau 18 za ka biya. A ce kuɗin zango naira 100,000 ne. Shekara ta kama 300,000, shekara shida 1,800,000, kuma wannan idan ba a ƙara ko kwabo ba, alhali kowa ya ga yadda kuɗin makarantu ya tashi tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023. Mai yara uku zai fitar da 900,000 a shekara. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, na shekara guda 840,000. Bai ma kai ba. Sannan abin da ke kan takardar kuɗin makaranta ba shi ne ƙarshe ba. Akwai yunifom kala biyu ko uku da dole a makaranta za a saya, akwai littattafan da ake rubutu a cikinsu yadda ƙane ba zai gada ba, kuɗin bikin yaye ɗalibai, kuɗin lesin na yamma, ga rajistar jarrabawar fita ta WAEC da NECO a aji uku na babbar sakandare wadda wasu makarantu ke ɗora nasu a kai. Idan makarantar tana Tumfure kai kuma kana Bolari, a ce Keke Napep zuwa da dawowa naira 600 ne a rana: kwana 5 a mako, mako 13, ka ga 39,000 ta tafi a zango ɗaya. Don haka ka nemi a rubuta maka duk abin da ɗan aji uku na babbar sakandare ya biya a bara, daga farkon shekara har ƙarshenta. Wannan takardar ce za ta gaya maka gaskiyar abin da kake shirin ɗauka.

Abin da ya sa na nace a kan wannan shi ne ɓarnar da cire yaro a tsakiya ke yi. Yaron da ake korowa gida mako biyu kowane zango saboda bashi ya rasa darussan da ba za a maimaita masa ba, ga kunyar kiran sunansa a gaban aji. In abin ya ƙi aka cire shi a aji biyu na babbar sakandare, makarantar takan riƙe sakamakonsa sai an biya, sabuwar kuma tana wani wuri daban a manhaja. WAEC tana buƙatar makin gwaje-gwajen da ɗalibi ya tara a shekarunsa na babbar sakandare, shi ya sa sauya makaranta a ƙurarren lokaci yake zama wahala. Daidai ruwa daidai tsaki: makarantar da za ka iya biya a shekarar da kasuwa ta yi maka nauyi ita ce taka.

Yanzu ga inda na fi jin ciwo, wato ƙananan makarantun kuɗi da ke cikin gidajen haya a unguwanni. Iyaye suna kai yara can da kyakkyawar niyya, suna cewa ko ba komai ta fi ta gwamnati. Mu yi wa mai makarantar lissafi. Ɗalibai 150, kowa 25,000 a zango, kuɗin ya kama 3,750,000 idan kowa ya biya, kuma ba kowa ke biya ba. Kuɗin zango ɗaya shi zai ɗauki wata 4, wato 937,500 a wata. A cire haya, da alli, da gyara, da haraji, da ribar mai wuri, a ce rabi ya rage na albashi. Sakandare mai aji shida tana buƙatar malamai kamar 15 idan ana so kowane darasi ya samu mai shi. Kowane malami zai tashi da kusan 31,000. Ba mugunta ce ta mai makaranta ba, iya abin da kuɗin zai iya ke nan. To wa zai tsaya a wannan albashi? Wanda yake jiran wani aiki. Yana samu zai tafi, ko a tsakiyar zango ne. Sai ka ga malami ɗaya yana riƙe da Fiziks da Kimistiri da Lissafi, ko a bar darasi a hannun ɗan bautar ƙasa wanda zai tafi bayan shekara. Ƙa'ida ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa NCE, tare da rajistar hukumar malamai ta TRCN, amma mai wannan takardar da ya ƙware ba ya daɗewa a inda ba a biyansa. Uban da ya gudu daga cunkoson makarantar gwamnati ya shiga nan, ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago, kuma yana biya.

Ba ina wanke makarantun gwamnati ba ne. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce ɗalibai 40 ga malami ɗaya a babbar sakandare, kuma duk wanda ya leƙa ajujuwan jeka-ka-dawo a cikin gari ya san an wuce haka nesa. Malami mai yara ɗari a gabansa ba zai iya duba rubutun kowa ba ko da waliyyi ne. Yaron da ke zaune a baya zai iya shekara bai buɗe baki ba. Sai dai akwai abin da ake mantawa: da yawa daga cikin ƙwararrun malaman Lissafi da kimiyya, masu shekara goma sha a aji, waɗanda ake gayyata makin takardun WAEC da NECO, a makarantun gwamnati suke, kuma su ne manyan makarantun kuɗi ke ɗauka aikin wucin gadi da yamma. Ilimin yana nan, lokacin da za a ba kowane yaro ne babu.

To ta yaya za ka gane makarantar da ta cancanci kuɗinta? Gani ya kori ji. Kada ka je ranar da aka gayyace ka. Je ranar Laraba bayan an dawo daga tara, a mako na bakwai ko na takwas, ka zaga ka ƙirga aji nawa ne babu malami. Sannan ka roƙi a ba ka littafin Lissafi na wani ɗan aji biyu, ba wanda shugaban makaranta zai zaɓo ba, na yaron da ke layin baya. Buɗe ka bi kwanan wata. Lissafi kusan kullum ake yin sa, saboda haka zuwa mako na takwas ya kamata ka ga aiki shafi bayan shafi, da jan biro a kansu, da gyaran da yaron ya sake yi a ƙasa. In ka tarar da kwafen allo zalla, jan biro sau biyu tun farkon zango, ka ga abin da kuɗinka zai saya. Haka littafin Turanci: nemi insha'i ko wasiƙar da yaro ya rubuta da kansa aka gyara masa jimla jimla. Wannan shi ne aikin da ya fi cin lokacin malami, kuma shi ake fara jefarwa idan malami ya gaji ko bai ƙware ba.

Idan kimiyya yaronka zai yi, ka ce a buɗe maka ɗakin gwaje-gwaje. Wasu wuraren ɗakin yana nan, amma kwalabe sun yi ƙura, ba a shiga sai saura mako biyu jarrabawa. Tambayi ɗan aji biyu ko ya taɓa ɗiga asid da hannunsa har ruwan ya sauya launi. Jarrabawar Kimistiri ta aiki da hannu tana buƙatar wannan, kuma hannun da bai saba ba rawa yake yi a ranar. Ka tambayi malamai biyu ko uku shekararsu nawa a wurin. In babu wanda ya kai shekara uku, akwai dalili. Ka kuma tambayi lambar cibiyar makarantar ta WAEC da NECO. Wadda ba ta da ita sai dai ta kwashi yara zuwa wata makaranta a yi musu rajista, kuma a irin wannan hanya ake samun kuskuren suna da ranar haihuwa da ke bin yaro har jami'a.

Kada allon da aka kafa a ƙofa mai cewa kowa ya ci ya ruɗe ka. Kiredit 5 har da Turanci, da Lissafi a yawancin fannoni, su ne mabuɗin jami'a, kuma kowa ya san akwai wuraren da ake rubuta wa yara amsa a allo, iyaye su biya a kira shi kuɗin taimako. Wannan haramun ce, kuma cutar yaro ce. Hanyar gane ta mai sauƙi ce: ka ce a haɗa maka sakamakon WAEC da makin JAMB, wato jarrabawar shiga jami'a, na yaran shekara ɗaya. JAMB a kwamfuta ake yin ta, darasi 4, maki 400, kowa da allonsa. A sakamakon farko na 2025, sama da miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu ba su kai 200 ba. Makarantar da yaranta ke da A1 da B2 jere amma JAMB ɗinsu na yawo a 140, ba sai an yi maka bayani ba. Irin wannan yaro ko ya samu shiga Jami'ar Jihar Gombe ko ta Tarayya da ke Kashere, shekarar farko ce za ta tona shi.

Ga wanda kuɗinsa ƙididdigagge ne, ga inda nake ganin ya fi kyau ya zuba su. Na farko, tushe. Yaron da ya fito firamare bai iya karatu ba, babu sakandaren da za ta gyara shi cikin sauƙi, domin malamin sakandare yana ɗauka an riga an iya. Gwada shi a gida yau: ba shi sakin layi ɗaya na jarida da Turanci ya karanta a bayyane, sannan ya gaya maka da Hausa abin da aka ce. Ba shi 3/4 a tara da 1/2. In ya kasa, kuɗinka na farko na malamin karatu ne da Lissafi, awa ɗaya kullum, kafin a yi zancen wace makaranta. In kuwa tushensa ya yi ƙarfi, ka sa shi ya zauna jarrabawar shiga makarantun tarayya da NECO ke shiryawa ga 'yan aji shida na firamare. Muna da Kwalejin Gwamnatin Tarayya a Billiri da ta 'yan mata a Bajoga, kuma kuɗinsu bai kai na manyan makarantun kwana na kuɗi ba. Akwai kuma sakandaren kimiyya na jiha da ake shiga bayan jarrabawar ƙaramar sakandare. Wanda ya tsaya a jeka-ka-dawo, gida huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su ɗauki malami ɗaya na Lissafi da ɗaya na Turanci, kwana uku a mako, yara kada su wuce takwas, da sharaɗin za a ba da aiki a duba. A sayi littattafan karatu na yaron kansa da tarin tambayoyin shekarun baya. Ragowar a ajiye, domin bayan sakandare akwai shekara 4 ko 5 na jami'a, ga haya ga abinci, kuma gidaje da yawa a nan suke tarar da aljihu ya ƙare.

Akwai dalilan biyan kuɗi da ba na jayayya da su. Yarinyar da makarantar gwamnati ta yi mata nisa, hanya babu tsaro, makewayi babu ƙofa babu ruwa, in akwai ta kuɗi kusa da gida mai katanga da malamai mata, wannan kuɗi bai tafi banza ba, sau da yawa ma shi ne zai sa ta gama. Haka yaro mai rauni ko mai tsananin kunya, wanda zai ɓace a cikin ɗari amma a cikin ashirin da biyar malami zai san sunansa. Masu son a haɗa wa yaro boko da hadda su ma suna da hujja, sai dai a karɓi jadawalin darussa a ƙirga: awa nawa aka ba Alƙur'ani, awa nawa Lissafi, ƙarfe nawa ake tashi. Wasu makarantun sun iya haɗa biyun, wasu kuma yaro yakan dawo gida ƙarfe biyar a gajiye, hizifi bai zauna ba, Lissafi ma bai zauna ba. Ka sa ya karanta maka haddar makon jiya ba tare da ya duba ba, sannan ka buɗe littafin Lissafin nan ka bi kwanan wata.