Shahon Yaya da Alƙalamin da Ya Ƙi Rubutu

Abin da ya kamata a rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwalin allon zane mai fuska shi ne: wannan abin ba kwamfuta ba ne. Fuska ce kawai da alƙalami. In ba a jona shi da kwamfuta ba, baƙin gilashi ne da za ka leƙa ka ga yadda ka yi zuru-zuru. Ni kam na leƙa sosai, don sai da na danna maɓallin kunnawa har yatsana ya yi ja kafin na lura da wani ƙaramin kwali a ƙarƙashin babban, cike da wayoyi.

Yaya ce silar sayensa. Ta fara sana'ar ɗinki, tana son tambari, ni kuma tun muna yara ake min kallon mai zanen gidanmu, saboda na taɓa zana kyanwa aka gane kyanwa ce. Ta ce shaho take so, ya buɗe fukafukai, yana riƙe da allura a baki.

Na ce, "Yaya, me ya haɗa shaho da allura?"

Ta ce, "In ba za ka iya ba ka faɗa, in nemi wanda ya iya."

To, ka ji maganar da ta sa na iya. Da ma ina da ƙaramin allon zane marar fuska, irin wanda hannunka na ƙasa yana zane, idonka na sama yana kallon kwamfuta. Na daɗe da shi, amma da'irata ba ta taɓa komawa inda ta faro ba. Tuntuni na yanke hukuncin cewa laifin allon ne. Da mai fuska kuwa, inda bakin alƙalami ya taɓa nan layi zai fito, ido da hannu wuri guda. Me ya rage? Sai dai a yi ta zuba gwaninta.

Wayar da ke cikin kwalin kai uku gare ta. Ɗaya HDMI, shi ke kai hoto zuwa allon. Ɗaya USB, shi ke kai wa kwamfuta labarin inda alƙalami yake. Na uku na wuta ne. Na ga wannan tarkace ya yi yawa, ga shi an ce waya ɗaya ta USB-C ta isa, sai na ture mai kai ukun gefe. Abin da ba a ce ba shi ne sai in ramin USB-C na kwamfutarka yana fitar da hoto, kuma ba kowanne ke fitarwa ba. Nawa ba ya yi. Na cire, na mayar, na juya, na hura masa iska. Daga ƙarshe na janyo mai kai ukun da na raina, muka shirya.

Allon ya kawo haske. Sai dai babu komai a kansa in ban da hoton bango, ko alamar manhaja ɗaya babu. Na ɗora alƙalami, sai na hango kibiya tana yawo can a fuskar kwamfutar, ba a kan allon ba. Wato na sayi allo mai fuska domin in daina ɗaga kai, ga ni ina zane a ƙasa ina ɗaga kai, sai dai yanzu allon ya fi girma kuma yana ɗumi.

A haka ɗan Yaya ya same ni. Yaron ko firamare bai gama ba. Ya tsaya a bayana yana kallo, hannuwa a baya, irin tsayuwar mai duba jarrabawa.

"Kawu, danna maɓallin Windows tare da P."

Na ce na sani, ina zuwa wurin ne. Na danna, zaɓi ya fito: ko fuskokin biyu su nuna abu ɗaya, ko ta biyun ta zama ci gaban ta farko. Tawa tana kan ci gaba, shi ya sa take fayau. Ya nuna min inda ake gaya wa direban allon, wato manhajar da ke sulhu tsakanin alƙalami da kwamfuta, wace fuska ce tasa. Sannan ya tambaye ni ko na cire direban tsohon allona. Na ce me ya yi min da zan cire shi? Ya ce direbobin kamfani biyu ba sa zama a kwamfuta ɗaya lafiya. Gaskiyarsa, zakaru biyu ne a akurki ɗaya, kowanne na cewa alƙalamin nasa ne, kibiya kuma tana rawar ɗari a tsakiya. Muka cire tsohon, muka kashe kwamfuta muka kunna. Na ce masa ya je uwarsa na nemansa.

Da ya tafi sai na shiga neman inda ake cajin alƙalamin. Na duba gindinsa, na duba gefensa, na yi ƙoƙarin murɗe shi. Ashe babu batir a ciki sam. A ƙarƙashin fuskar allon akwai ragar siraran wayoyi da ke fitar da ƙarfin maganaɗisu, ɗan naɗin wayar da ke cikin alƙalamin ya karɓa ya mayar da amsa, da haka allon ke sanin inda yake da irin dannawar da aka yi masa. Kamfanin Wacom na Japan, wanda aka kafa a 1983, shi ya yi suna da wannan dabara, kuma a 2001 ya fito da allonsa mai fuska da ake kira Cintiq. Yanzu irin su Huion da XP-Pen duk suna yin nasu. Abin ya burge ni ƙwarai, musamman da na tuna saura ƙiris in sa filaya.

An rubuta cewa alƙalamin yana bambance matakin dannawa har 8192, wasu sababbin ma 16384. Ka sassauta hannu layi ya sirance, ka danna ya yi kauri. Hannuna kuwa mataki biyu ya sani: da ƙarfi, da kuma da ƙarfi sosai. Ko su ɗin ma allon bai nuna ya ji ba, duk layin da na ja kaurinsa ɗaya. Na ce ƙila sabo ne, sai ya saki jiki. Na ƙara dannawa. Na tashi tsaye na danna. Fuskar allon tana da ɗan kaushi don ta ba da jin takarda, kaushin kuma yana cin bakin alƙalami ko da a hannun mai hankali, balle ni. Kafin a jima bakin ya zaizaye ta gefe ɗaya, yana ƙara ƙiii in na ja layi. Duk wannan wahala ashe wani ɗan akwati ne a cikin saitin direba, mai suna Windows Ink, wanda wata manhajar zanen ke son a kunna, wata ke son a kashe. Danna ɗaya, layi ya fara numfashi. Saura baki. Ina cikin laluben intanet ina neman inda ake samun sabo, yaron nan ya dawo, ya ɗauki ɗan gindin da ake tsayar da alƙalami a kai, ya murɗa, ya buɗe. Ga bakuna nan a jere tsaf, har da zoben ƙarfen da ake zare tsohon da shi. Bai ce komai ba. Da ya yi magana ma da ya fi min sauƙi.

Sai kuma daidaita alƙalami. Tsakanin gilashin sama da ainihin fuskar da ke nuna hoto akwai 'yar tazara, don haka inda idonka ya ga bakin alƙalami ya sauka da inda layin zai fito suna iya saɓawa, gwargwadon ta inda kake kallo. Maganinsa direba ya nuna maka 'yan alamomi a kusurwoyi, ka taɓa kowacce kana zaune yadda ka saba zama in kana zane. Ni na taɓa su ina kishingiɗe ta gefe, waya maƙale a kafaɗa, Yaya na bayanin irin kallon da take so shahon ya yi. Da na gyara zama na zo sa ido, sai idon ya sauka a wuyansa. Na sake har sau biyu, yana sauka a wuya. Shaho mai ido uku, babu ko ɗaya a kai.

Duk da haka aka fara aiki, kuma in faɗi gaskiya, in abin ya zauna daidai akwai daɗi. Ka kwantar da alƙalami layi ya faɗaɗa ya yi inuwa, ka ɗaga ya tsuke. Gashin fiffike ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya fara da kauri ya ƙare siriri. Na sa safar nan mai yatsu biyu da ke hana gefen hannu mannewa a gilashi, na ji ni wani ne. Yaya ta kira ta bidiyo, ta gan ta, ta tambaya ko sauran yatsu ukun sai an cika kuɗi za a kawo.

Daga nan gyara ya fara. A ƙara wa fukafukan girma. Sun yi yawa, a rage. Allurar ta zama mashi. Yanzu kuma ba a ganinta. Shahon ya cika fushi, masu kawo ɗinki za su gudu. Da ya daina fushi ta ce ya koma tattabara. Kan launi kuwa mun kusa ɓatawa: ni ina ganin shuɗi tas a allona, ita tana ganin wani abu mai ratsin ja a wayarta. Na yi mata bayani cewa kowace fuska da yadda take nuna launi, kuma in aka je bugawa a takarda zai sake canzawa, domin fuska da haske take haɗa launi, injin bugu kuma da tawada. Ta saurare ni har na gama, ta ce, "To a gyara."

Wani dare, ina tsakiyar gyaran fiffiken hagu, alƙalamin ya daina rubutu. Kibiya na tafiya, tana bin hannuna duk inda ya je, amma ko ɗigo ba ya fita. Na duba wayoyi ukun. Na sauya baki. Na buɗe direba, ya nuna yana jin dannawa lafiya lau. Na koma kan zanen na ja layi, babu. Na yi da'ira, babu. Na rubuta sunana, babu. Dare ya yi nisa, wuyana ya ƙage saboda sunkuyo, yaron da zai cece ni yana can yana barci. Da na tabbatar babu abin da ke fita, sai hannuna ya fara rubuta abin da ke raina. Na rubuta, "Yaya ba ta san abin da take so ba." Na ji sanyi. Na rubuta, "Shaho ba ya ɗinki." Na ƙara da, "Aikin kyauta, ko sannu babu." A gefen dama akwai fili, sai na zana wata mata mai tabarau, na yi mata dogon baki irin na shaho, na sa mata waya a kunne. Hannuna bai taɓa sakewa irin na wannan daren ba. Na rufe manhajar don in sake buɗewa, ta tambaye ni ko a adana canje-canje, na ce adana mana, wane canji aka yi?

Da safe ido ya washe, na ga abin da ya faru. A manhajar zane ta Krita, haka ma a Photoshop, harafin X yana musanya launin da kake zane da shi da launin ajiya. Gwiwar hannuna ce ta hau kansa. Farar tawada nake ta shafawa a kan farar takarda. Na danna X, launi ya dawo, na yi hamdala, na ci gaba da fiffike. Murna ba ta bar ni na yi wani dogon tunani ba.

Da aka gama, sai fitarwa. Tambari ba a barinsa da farin bango, domin a iya ɗora shi a kan kowane launi. Zanen kwamfuta hawa-hawa ake yinsa, kowane hawa ana ce masa leya, farar takardar kuma ita ce ta can ƙasa. Na ɓoye ta, bayan shahon ya koma 'yan murabba'ai fari da toka-toka, alamar babu komai a wurin. Na ɗan hangi wasu dishi-dishi a kansu, na ce maiƙon hannu ne, na ɗauko tsumma na goge gilashin da kyau. Na fitar da shi a PNG, wato nau'in hoton da ke iya zama ba bango, na tura mata a matsayin fayil don kada ingancinsa ya ragu. Na miƙe ƙafa.

Wayar Yaya, in ta buɗe hoto marar bango, baƙi take shimfiɗa masa a baya.

Ba a jima ba ta kira. Ta gaishe ni da wata irin ladabi da ban san ta da ita ba, ta tambayi aiki, ta tambayi gajiya, ta tambayi wuyana.

"Na ga saƙo," in ji ta. "Shaho ya yi kyau. Ban san har da rubutu ka iya haka ba. Bari in karanta maka, ko na yi kuskure ka gyara min."

Ta karanta, a hankali, layi bayan layi. A bayanta ina jin yaron nan yana dariya har da tari.

Na ce, "Yaya, ai matsalar allon ce, wani lokaci yakan..."

"Allon ne ya san ban ce maka sannu ba? To sannu. Wannan mai tabarau ɗin fa, da waya a kunne, wace ce?"

Na ce gwaji ne kawai.

"Gwajin ya fi shahon kama," ta ce. "Na tura wa Mama, ta ce ka kira ta. In kun gama, a ƙara wa fukafukan girma."