Ƙurar tashar Tema tana biyo mu har gida

A tsakiyar hunturun da ya wuce na tashi daga unguwar Nima ta birnin Accra na je gaishe da kawuna a wani fili kusa da Ashaiman, inda direbobin manyan motoci ke kwana suna jiran a kira su lodi. Ya yi shekara da shekaru yana ɗaukar kaya daga tashar jiragen ruwa ta Tema zuwa Wagadugu da Yamai. Na same shi a kan tabarma a inuwar tirelarsa, butar shayi na kan gawayi. Ba mu gama gaisawa ba wata mota ta gifta ɗauke da duwatsun siminti, tamfol ɗinta a yage, iska na kaɗa shi. Farin gari ya sauko mana a kan tabarma. Yaron motar kawu ya ɗora tafin hannu a bakin kofi, ya ci gaba da hirarsa, ko kai bai ɗaga ba.

Na ce, "Kawu, wannan tarin naku fa, kun je an duba?"

Ya ce, "Ɗana, tarin hanya ne. Duk wanda ka gani a nan yana yin sa."

Maganar nan ta hana ni sukuni, domin abin da mutum ya saba da shi ya daina kai ƙararsa.

Tun da aka buɗe tashar Tema a 1962, zamanin Nkrumah, ta nan mafi yawan kayan da Gana ke shigowa da su suke sauka, har da na Burkina Faso da Mali da Nijar waɗanda ba su da teku. Bakin da ke ci daga tashar nan ba ya ƙirguwa, kuma 'yan zango na cikin sahun gaba: direbobi, 'yan dako, makanikai, dillalai, da matan da ke sayar da koko da ƙosai tun asuba. Saboda haka ban zo da maganar a rage aiki ba. Abin da nake faɗi shi ne mu ne muka fi kowa kusa da bakin salansa, kuma hanyoyin rage cutar da suka fi araha ba a cikin teku suke ba, suna nan a kan tudu inda motoci ke jira.

Ƙurar iri biyu ce. Akwai wadda ido ke gani, ta kayan da ake saukewa a zube ba a buhu ba: duwatsun da ake niƙawa a yi siminti, takin zamani, alkama. Duk lokacin da ƙugiya ta ɗebo daga cikin jirgi ta zuba a mota, iska na kwasar rabonta, sauran kuma ya zube a titi tayoyi su yi ta niƙa shi suna tayarwa. Akwai kuma wadda ba a gani, ta hayaƙin dizal, ƙwayoyin da suka fi silin gashi sirantaka sau wajen 30. Hanci ba ya tace su, suna wucewa can cikin huhu har su shiga jini. A 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, a 2021 kuma hukumar ta rage ma'aunin da take ba da shawara na waɗannan ƙwayoyi daga mikrogiram 10 zuwa 5 a kowace mita kubik ta iska a matsakaicin shekara. In hunturu ya zo daga Disamba zuwa Fabrairu, hazon sahara ya haɗu da wannan, sai ka ga masu asma da tsofaffi sun cika ɗakunan shan magani.

An yi wasu abubuwa, kuma ya kamata a faɗa. Tun 2017 Gana ta rage farar wutar da ke cikin dizal ɗin da ake shigowa da shi ƙwarai da gaske. Daga 1 ga Janairun 2020 dokar duniya ta sauko da ta man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari. A Takoradi an kafa bel mai kai manganis da bokzait zuwa jirgi. To amma mai mai kyau a tsohon inji da ke ta ruri yana tsaye, hayaƙi dai zai fitar.

Na tambayi kawu dalilin da ya sa ba sa kashe mota in suna layi. Ya ce in ya kashe iskar birki za ta sauka, batir kuma ya tsufa, kafin ya tayar layi ya motsa wani ya shige gabansa. Ka ga ashe ba taurin kai ba ne, rashin sanin lokaci ne. Da za a ba kowane direba sa'arsa ta waya, a kuma cika alkawari, zai kashe inji ya kwanta ya huta, man da yake ƙonawa a banza ya koma aljihunsa. Filayen jira a shimfiɗa musu kwalta ko kankare, a riƙa share titunan tashar da ruwa, a wanke tayoyi kafin mota ta fito, kuma motar da ba a rufe kayanta ruf ba kada ta wuce ƙofa. Tarar ma a ɗora wa mai kaya da mai mota. In aka bar ta a kan direba, a hanya za ta ƙare, tamfol ɗin kuma yana nan a yage.

Wasu na cewa a hana tsofaffin motoci shiga gaba ɗaya, kamar yadda tashar Los Angeles ta Amurka ta fara a 2008. Sai dai can an ɗora kuɗi a kan kwantena an tallafa wa masu motoci su sabunta. Mutum mai mota ɗaya da ya saya da bashi, in ka kore shi babu tallafi, ka kashe gida guda ne. Haka batun jona wa jirage lantarki a bakin gaɓa don su kashe injinansu: abu ne mai kyau, amma wanda ya sha wahalar dumsor, wato yawan ɗauke wuta a Gana, ya san sai wuta ta tsaya da ƙafarta tukuna.

Jirgin ƙasa ne babban magani. An ƙaddamar da layin Tema zuwa Mpakadan mai tsawon kilomita 97 a 2024, amma tashar sauke kaya ta kan tudu ta Boankra kusa da Kumasi an fi shekara ashirin ana maganarta, kayan arewa kuwa har yau ta Nkawkaw da Techiman da Tamale suke bi a kan taya har Paga, bakin iyakar Burkina Faso.

Kafin wannan ya tabbata, ina roƙon hukumar tashoshin jiragen ruwa da hukumar kare muhalli su kafa na'urorin auna iska a filayen jira da unguwannin da ke bakin hanyar motoci, a riƙa karanta sakamakon a rediyo da Hausa da Tuwi da Ga. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin direbobi su ɗauki maganar su kai ta zauren da ake yanke shawara, yadda suke kai maganar fili da ta makaranta.

Da zan tafi na miƙa wa kawu ƙunshin takunkumin fuska da na saya a kantin magani. Ya sa albarka, ya ciri ɗaya ya ba yaron motarsa, ya ce shi ne ke hawa sama ɗaure tamfol. Lokacin kwanansu uku a filin, ba a kira su ba.